Godiyar da ake yi da hannu: laccar da aka gabatar a Maraɗi

Assalamu alaikum. Iyayena malamai, dattawan unguwa, iyaye mata da ke can baya, sannunku da haƙurin zama.

Ba sai na ba ku labarin ruwan ƙarshen watan Agustan 2024 ba, a kanku ya sauka. Milimita wajen 150 cikin sa'a ɗaya da rabi, mutum 15 suka riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu. Ga masu jin zafin rashin har yau, ku riƙe wannan: ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wanda ruwa ya ci da wanda gini ya faɗa wa suna cikin shahidai. Da wannan muke jaje.

To amma yau maganar masu rai na zo yi. Kwana biyu bayan ruwan na shiga wani ajin makaranta inda aka sauke waɗanda ɗakunansu suka rushe. Na tarar da wata tsohuwa ta shanya gero a kan zane, tana tsince na kirki daga wanda ya fara tsiro. Na ce, "Inna, sannu da wannan rashi." Ta ɗago ta ce, "Ɗan nan, jikokina shida, na ƙirga su shida. Alhamdu lillahi." Ta mayar da kai ga tsintarta. Wallahi abin da ya tsaya mini a rai hannun nan ne, da bai daina aiki ba ko lokacin da baki ke godiya.

Mu Maraɗawa wannan gadonmu ne, mantawa muke yi. Tsohon gari a ƙasa yake, cikin fadamar gulbi, inda kakanninmu Katsinawa suka zauna. A 1945 Gulbin Maraɗi ya cika ya cinye shi. Mutanen nan sun yi Inna lillahi, sannan suka kwashe azara da sauran abin da ruwa ya bari suka hau tudu. Garin da muke zaune ciki yanzu, da manyan hanyoyinsa miƙaƙƙu, bayan wannan ambaliya aka zana shi. Akwai wanda zai ce imaninsu ne ya yi rauni da suka tashi?

Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ji mutum ya toshe magudanar ruwa da leda da shara tun rani, ko ya kafa katanga a kan hanyar ruwa, damina ta zo ya ce ƙaddara ce. Ƙaddara gaskiya ce, mun yi imani da ita. Amma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Ginin ƙasa yaɓe yake so kafin ruwan farko, indararo kuma gyara.

Wanda ɗakinsa ya tsaya, maƙwabcinsa na kwana a gidan aro, ya san akwai bashi a kansa. Asabar mai zuwa bayan sallar asuba akwai gayya, za mu fara da ɗakin marayun nan na bayan masallaci. Mai shebur ya zo da shebur, mai amalanke ya kawo ƙasa, matasa ku ne masu kwaɓi. Iyaye mata sun riga sun ɗauki nauyin kunu.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.