An Ɗauke Wuta, Amma Ba a Kashe Inji Ba

An rubuto wannan ne daga rikodin laccar da aka yi wa masu injin niƙa da ma'aikatan masana'antu a Agege, Legas.

Assalamu alaikum. Iyayena da yayyena, sannunku da zuwa. Samarin da ke can baya ku matso, ƙarar janaretan maƙwabta ba za ta bar ku ku ji ni ba.

Duk wanda ya zauna Legas ya san ana ɗauke wuta ba sallama, a kawo ta ba sallama. To a nan hatsarin yake. Inji ya tsaya, shago ya yi tsit, sai yaro ya ce bari ya gyara bel kafin a kawo. Makunni kuwa yana nan a kunne. Na ga wannan da idona a wani wurin niƙa: hannun yaron na tsakanin bel da fuli, wato wilin da bel ke zagayawa a kai, aka kawo wuta. Yatsu biyu suka tafi kafin maigidansa ya tashi daga benci.

Ku lissafa da ni. Wutar ƙasar nan zagaye 50 take yi a daƙiƙa, kuma moton da aka fi ɗora wa injin niƙa yana juyawa kusan sau 1,450 a minti. Wato sau 24 a daƙiƙa, kafin ka ce "kai!" Babu mai zafin naman da zai janye hannu.

Saboda haka in za ka taɓa inji, ka kashe babban makunni, ka sa masa kwaɗo, makullin ya shiga aljihunka. Naka, ba na maigida ba. Ka duba ɓangaren janareta ma, domin wani na iya tayar da shi a bayan shago bai san kana ciki ba. Ku kuma masu shago, ku sa mai gyara ya haɗa muku sitata mai kontakta. Ita idan wuta ta ɗauke sai ta saki, ko an kawo inji ba zai tashi ba sai an danna koren maɓalli. Kuɗinta bai kai na ɗinkin hannu ba.

Sai sutura. Alhaji, ka yi haƙuri, babbar riga ta Juma'a ce, ba ta gaban fuli ba. Haka rawani, carbi a wuya, da mayafin mata masu kawo markaɗen tattasai.

Manyan motocin inji masu layin wuta uku kuwa, wutarsu ta kai bolt 400, ba 230 ta gida ba. Layi ɗaya na iya ɗaukewa ya bar biyu. Za ka ji moto yana gurnani, jikinsa ya ɗau zafi, warin ƙonewar waya ya tashi. Kashe shi nan take. Abin da ke ba ni haushi shi ne mai cire fis ya ɗaura waya a wurin, wai yana yawan yankewa. Ai yankewar ita ce aikinsa.

Damina kuma kun san yadda ruwa ke shiga shaguna a nan. A ɗaga moto bisa dakali, a haɗa masa wayar ƙasa, kar kowa ya tsaya a jiƙaƙƙen siminti ba takalmin roba. Wanda wuta ta kama, kar ka cafke shi da hannu: kashe makunni, ko ka ture shi da busasshen katako, sannan a kira 112 ko 767.

Malam mai ɗaga hannu tun ɗazu, bismilla, ina jin ka.