Jawabin Maraba ga Mai Martaba Sarki a Tudun Skipsi, Gabashin Yokshaya

Allah ya ja zamanin Sarki, Allah ya ƙara wa Sarki lafiya. A madadin ɗalibanmu masu nazarin kayan tarihi a nan Ingila, muna yi wa Mai Martaba da 'yan rakiyarsa barka da sauka, sannu da hanya.

Ranka ya daɗe, tudun da ke gabanmu faɗin gindinsa mita 85 ne, tsayinsa mita 13. An daɗe ana ɗaukarsa aikin Normandawa, waɗanda suka ci Ingila da yaƙi a 1066. Ga yadda suke gina sansaninsu: a haƙa gwalalo a kewaye, a tara ƙasar a tsakiya ana daɓe ta, a kafa hasumiyar katako a bisa, a zagaye ta da kafi. Can ƙasa kuma a yi fili mai ganuwa domin dakaru da dawaki da rumbuna. A nan Skipsi tafki ne ya raba tudun da filin, kafin daga baya a janye ruwan. Drogo de la Beuvrière, ɗaya daga cikin manyan mayaƙan da suka ci Ingila, shi ne ya kafa sansanin wajen 1086, Sarki Henri na Uku kuma ya ba da umarnin rushe shi a 1221 bayan tawayen mai riƙe da shi.

Sai a 2016 masana daga Jami'ar Redin suka bayyana abin da ya sauya labarin. Sun huda tudun daga ƙololuwa har gindi da siririn bututu, suka zaro ƙasa daki-daki, suka auna shekarun ragowar tsirrai da ke cikinta. Awon ya nuna tudun ya kai kimanin shekara 2,500. Ashe Normandawa tarar da shi suka yi, suka ɗora nasu a kai.

Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne zaizaya. Zomaye na haƙa ramuka suna cakuɗa ƙasar sama da ta ƙasa, to in ta cakuɗu awo ya ɓaci. Kofaton shanu a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa yana kashe ciyawa, ruwa ya samu hanya. Bishiya in ta faɗi, da ƙasa take tumɓukewa. Mai Martaba ya san irin wannan ciwo a ganuwar Kano, inda ruwan damina da masu ɗiban ƙasa suka cinye wurare da dama.

Ranka ya daɗe, ciyawar na da santsi. Bismillah, mu hau a hankali.