Darasi: Hawan dutse na yini ɗaya in kun yi zango a gandun daji

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka, da fatan kowa na lahiya. Daga nan Gusau nike magana, kuma darasinmu na yau na samarin nan ne da ke ta tambaya ta kan tahiya gandun daji mai duwatsu, wato kun kai, kun kafa tantinku, kun kwana, to gobe da safe kuna son ku hau dutse ku dawo zango kafin dare, ya za a yi.

Bari in fara da wurin. In ana maganar gandun daji mai tsaunuka a Najeriya to Gashaka-Gumti ake nufi, shina tsakanin jihar Taraba da Adamawa jikin iyakar Kamaru, shi ne gandun daji na ƙasa mafi girma da muke da shi, ya haura murabba'in kilomita 6,000, tun 1991 anka maishe shi gandun tarayya. Ofishinsu na garin Serti, daga Jalingo za ka bi ta Bali ka sauka can. Cikinsa ne Chappal Waddi yake, wanda wasu ke ce ma Gangirwal, tsayinsa mita 2,419, babu inda ya kai shi bisa duk faɗin ƙasar nan. Amma ku ji ni da kyau, shi wanga tsaunin ba na yini ɗaya ba ne, kwanaki ake yi ana taka sayyada da masu dako kafin a kai. Abin da muke magana yau shi ne tuddai da duwatsun da ke kewaye da inda kunka yi zango.

Wani zai ce malam mi ya kai mu Taraba ga dazuzzuka nan kusa. To kowa ya san halin da dajin yankinmu ke ciki, Allah Shi kawo mana sauƙi, ni ba zan tura ɗan kowa ya kwana daji nan ba. Can ɗin ma kada ku tashi sai kun tuntuɓi ofishin gandun sun ce maku ga inda ake zuwa ga inda an hana, kuma ba a shiga sai da izini da jami'insu a tare da ku. Lokacin zuwa kuwa rani ne, daga Disamba zuwa Maris, don da damina koguna cika suke hanya ta yanke.

To yanzu ga zancen da nike son ya zauna maku. Mu mutanen shimfiɗaɗɗar ƙasa ne, Gusau ɗin nan bisanta bai kai mita 500 ba, Birnin Kebbi ma ta fi mu ƙasa, idonmu ya saba auna nisa a kwance. Ka hango ƙauye ka ce tahiyar awa ɗaya ce kuma haka ɗin take. A dutse wanga lissafin bai aiki, za ka hango kan tudu kamar ka miƙa hannu ka taɓa, ka yi awa biyu kana hawa, kana kaiwa sai ka ga ashe kafaɗarsa ce, wani na bayansa. Hangen Dala ba shiga birni ba. Shi ya sa tun da dare, kafin kowa ya shiga tanti, sai kun zauna da jagoranku kun yanke lokacin juyowa, ba wurin juyowa ba, lokaci. Ku ce ƙarfe 12 na rana duk inda muke, ko saura taku ɗari mu kai ƙololuwa, mun juyo. A faɗe shi gaban kowa, kowa ya ce ya yarda, don can bisa in jini ya ɗau zafi ba mai son jin a koma, wani zai ce haba saura kaɗan, to wagga saura kaɗan ita ke sa magariba ta tarar da mutane cikin kwazazzabo ba tocila.

Ga yadda masu hawan dutse ke lissafi, mai sauƙi ne. Kowane kilomita 5 ka ba shi awa ɗaya, sannan kowane mita 600 na hawa ka ƙara wata awa ɗaya bisa kai. Misali inda za ku kilomita 6 ne kuma za ku hau mita 600, ka ga awa biyu da 'yan mintoci ke nan, wannan ga mai ƙarfi wanda bai tsayawa, ku kuma akwai hutu akwai hoto akwai wanda numfashinsa ke yankewa, to ku ɗauka awa uku. Dawowa ma ku ba ta awa uku, kada ku ce ai gangara ce. Ku fita da zarar kun yi asuba gari ya yi haske, ku yi niyyar la'asar ta same ku zango, sai ya zama kuna da rarar awa biyu kafin rana ta faɗi ko da wani abu ya gitta.

Kaya. Komi mai nauyi a bar shi tanti, jakar goyo ƙarama ta isa. Ruwa lita 3 kowane mutum, kuma kowa nasa, ban da a tara ma mutum ɗaya ya ɗauka. Ku riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan tun ƙishirwa ba ta zo ba. Za ku ga ƙoramu can garai-garai masu sanyi, kada kyawunsu ya ruɗe ku, shanu da namun daji na sha daga bisa, a tafasa tukuna ya yi minti ɗaya shina ɓararraka, ko a jefa ƙwayar tsabtace ruwa. Ku riƙe ORS na leda, wato garin gishiri da sikari da ake damawa a sha in ruwan jiki ya ƙare, in babu to lita ɗaya na ruwa, sikari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Guzuri kuwa Allah Ya hore mana, dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, kilishi, garin kwaki da sikari, duk ba su lalacewa ba su da nauyi, sai dai kilishi na jawo ƙishirwa a bar shi sai an zauna. Fura da nono ku sha ta zango, cikin jaka tsami za ta yi.

Takalmi nan zan ɗan daɗe. Silifas a'a, takalmin zuwa biki a'a, kambas mai kaushin ƙasa wanda ya riƙe idon sawu, kuma wanda ƙafarka ta riga ta saba da shi. Kada ka sayi sabo kasuwa jiya ka ce da shi za ka hau gobe, kafin hantsi ya yi maka bororo a diddige, kuma bororo ɗaya na iya tsayar da mutum goma. Safa mai kauri, da wata a jaka. Ka yanke akaifa kafin ka taso don wajen gangara yatsu gaba suke dannawa. Da ka ji wuri ya fara zafi tsaya ka manna filasta tun bai tashi ba. In kana son gwada ƙafarka tun daga gida ka goya jaka ka riƙa zagaya gari da sassafe, mutanen Zuru da na Kwatarkwashi kam sun san hawa tun suna yara, mu na cikin birni mu ke da aiki.

Sai rigar sanyi ko da rana na ƙuna lokacin da kunka fito, don duk mita 1,000 da ka hau zafi na raguwa da kusan digiri 6, ga iska, ga zufa ta jiƙa maka riga, kana zama hutawa sai ka ji haƙora na haɗuwa. Dogon wando da riga mai dogon hannu saboda tsando da kaska, kuma ku guji baƙi da shuɗi don su tsando ke bi. Malfa, tocila, ashana, usur, sanda. Waya a cika ta da caji amma kada a dogara da ita, sabis ɗaukewa yake.

Kafin ku bar zango ku gaya ma wanda ya tsaya inda kunka nufa da lokacin da za a tsammace ku. Abinci a rufe a ɗaure, bika ba ta da kunya, tanti take buɗewa.

A hanya jagora gaba, mai ƙarfi a baya, wanda ya fi kowa sanyin tahiya shi ke bin jagora kuma da saurinsa kowa zai tahi. Ba a rabuwa, ko kama ruwa za ka zaga ka faɗa. Kada ka sa hannu cikin ramin dutse ko ƙarƙashin icce ba ka duba ba. In tsautsayi ya sa maciji ya sari wani, don Allah kada a ɗaure da igiya, kada a tsaga, kada a tsotsa, a cire zobe da agogo, a hana shi motsa wurin, a ɗauke shi zuwa asibiti. Kun ga ɓauna ko dorina bakin kogi, nesa-nesa, abin da jami'i ya ce shi za a yi ba gardama. In rabonku ya kai kunka ji kukan cimfanzi, babban birin nan mai kama da mutum, cikin kurmi to ku yi shiru ku saurara, ba ko'ina ake samun wannan ba a ƙasar nan, kuma ban da jifa ban da miƙa ma dabba abinci. Hadari ya taso kuna bisa ku sauka daga kan tudu maza, kada ku fake ƙarƙashin icce guda da ke tsaye shi kaɗai, kogin da ya ɗauko jan ruwa kuma ba a ƙetara shi, a jira.

Sallah fa, wani ɗan uwa daga Talata Mafara ya tambaya. Ku matafiya ne, addini ya yi maku sauƙin ƙasaru, ku tambayi malaminku kafin ku taso ya fayyace maku hukuncin haɗa azahar da la'asar da na taimama, ku dai lura da gabas tun da safe kafin hazo ya rufe.

Wajen saukowa nan gwiwa ke kuka kuma nan anka fi zamewa, don jiki ya gaji hankali ya riga ya koma zango. Gajeren taku, gwiwa a ɗan lanƙwashe, sanda gaba, in wurin tsakuwa ne ku ba juna tazara kada na sama ya turo ma na ƙasa dutse. Ledar biskit da gorar roba duk a dawo da su cikin jaka, kuma ban da kunna wuta a ciyawa, da rani kan ashana ɗaya na cinye tudu guda.

Kuna isowa ku sanar da jami'i kun dawo, a ƙirga kowa, a cire takalmi a duba ƙafa da hammata da bayan gwiwa ko kaska ta kama, a sha ruwa kafin a ɗora tukunya. Wanda zazzaɓi ya kama bayan an dawo gida ya tahi asibiti ya gaya ma likita daga daji yake. Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu za mu yi magana kan kafa tanti da zaɓen wurin kwana, masu tambaya ku ci gaba da turowa. Wassalamu alaikum.