Koci Biyu, La'asar Ɗaya: Yadda Za Ka Riƙe Ƙungiya Biyu a Makaranta

Assalamu alaikum. Bidiyon yau na ɗalibin da Allah ya hore wa baiwar wasa fiye da ɗaya ne. Sunanka yana cikin 'yan ƙwallon ƙafa na makaranta, yana cikin 'yan kwando, sai ga shi koci biyu sun sa atisaye ranar Alhamis ƙarfe huɗu da rabi. Ƙanwata mai ƙwallon raga da gudun mita 100, maganar nan har da ke.

Me ya sa karon nan ya yi yawa a Kano? Domin lokacin wasa a garin nan ɗan ƙanƙane ne. Ana tashi daga makaranta rana na tsaka, kuma a watan Afrilu zafi kan haura digiri 40, ba kocin da zai fitar da yara fili kafin la'asar. In ka cire salla da hanya, abin da ya rage kafin magariba bai fi awa biyu ba. Wannan awa biyun ma Islamiyya na da haƙƙi a kanta, domin yawancinsu daga Asabar zuwa Laraba suke karatu. Shi ya sa kowane koci yake rububin Alhamis da Juma'a. Ɗan kwana yana da sauƙi, fili na bayan ɗakin kwanansa. Ɗan jeka-ka-dawo kuwa, wanda zai taso daga Kurna ko Ɗorayi a adaidaita sahu, cunkoso kaɗai ya isa ya cinye masa rabin lokacin.

Abin da yawancin yara ke yi shi ne raba ƙafa: minti arba'in a nan, a sulale, minti arba'in a can. Ni dai ban taɓa ganin wannan ta haifar da ɗa mai ido ba. Duba yadda atisaye yake tafiya. Farkonsa ɗumama jiki ne da zagaye fili. Ƙarshensa ne ake raba 'yan wasa gida biyu, a gwada tsarin da za a shiga gasa da shi, a san wa zai buga kwana, wa zai tare wa. Wanda ya bar filin farko a tsakiya ya sha wahalar, ya bar amfanin. Ya isa fili na biyu yana haki, an riga an bayyana tsari ba ya nan. Taura biyu ba ta taunuwa a lokaci guda. Mafi muni kuma ƙaryar da ke biyo baya, "Koci, Baba ne ya aike ni", alhali kocin biyu ɗakin malamai ɗaya suke zama. Ranar da suka haɗa zance, benci biyu za ka samu.

Hanyar da ta fi ita ce ka riga matsalar isa wurinsu. A makon farko na zango, tun ba a kafe jadawali ba, ka sami malamin wasanni, shi ne ke sama da kocin duka. Ka gaishe shi, ka ce: "Malam, an ɗauke ni a ƙwallo, an ɗauke ni a kwando, ina son duka, amma ba na so in yaudari kowa. Ina roƙon a zauna a tsara mini." Malami yana iya gaya wa ɗan'uwansa malami abin da kai ba ka isa ka faɗa ba. Wani lokaci gyaran bai wuce a mayar da atisayen kwando safiyar Asabar ba.

A zaman nan akwai tambayar da ba za ka kauce mata ba: wacce ce uwar ƙungiyarka? Ka amsa da bakinka, a gaban kowa. Daga nan sauran ya zo da sauƙi. Gasa tana gaba da atisaye, ko da ta ƙaramar ƙungiyar ce. Atisayen ƙarshe kafin gasa ba a fashinsa. In atisaye biyu na yau da kullum suka haɗu, ka je ɗaya ka yi shi cikakke, mako mai zuwa ka je ɗayan. In kuwa gasa biyu suka faɗo rana ɗaya, uwar ƙungiya ce da kai, kuma ɗaya kocin ya sani tun da wuri har ya shirya wanda zai maye gurbinka. Ka yarda kuma cewa wanda ke zuwa kullum yana iya karɓe maka riga a ƙungiya ta biyu. Haƙƙinsa ne, guminsa ne.

Kada wani ya ce maka wasa biyu ɓata lokaci ne. Hakeem Olajuwon a Legas gola ne, yana kuma buga ƙwallon hannu, bai fara kwando ba sai yana sakandare. Ya je ya ci kofin NBA, babbar gasar kwando ta Amurka, a 1994 da 1995 da ƙungiyar Houston Rockets, kuma shi da kansa ya sha danganta iya takunsa da ƙwallon ƙafa. A nan gida ma, Kano Pillars tana da ƙungiyar ƙwallon ƙafa, tana da ta kwando, duk garin nan ya san su.

Sai dai jiki bai san sunan ƙungiya ba, jimillar aiki yake ƙirgawa. Kowane koci nasa kwana ukun yake gani, kai ne kaɗai ka san sun zama shida. Ƙwallo da kwando duka gwiwa da idon sawu suke ci, gudu, tsalle, birki, juyi, ga filayenmu na rani da suka bushe kamar siminti. Bayan wasa mai tsanani tsoka kan buƙaci kamar kwana biyu kafin ta dawo daidai. Matashi yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10, da aƙalla yini guda a mako da ba ya taɓa ƙwallo sam. In ka ji ciwo a ƙasan ƙoƙon gwiwa, wurin ya ɗan kumbura, yana ƙaruwa in ka yi tsalle, wannan sananne ne ga yaro mai tasowa. Kada ka ɗaure da bandeji ka yi shiru don tsoron rasa gurbi. Ka faɗa a gida, ka faɗa wa kocin duka biyu, a kai ka asibiti a duba.

Lokaci biyu ne nake ba da shawarar a ajiye ƙungiya ɗaya kacokan. Na farko watan azumi, musamman in ya faɗo da zafi, domin gumin da ka zubar da la'asar ba ka da halin mayar da shi sai an sha ruwa. Na biyu zangon da ɗan aji uku na babbar sakandare yake fuskantar WAEC da NECO. A nan ma ba ɓacewa za ka yi ba. Ka je da ƙafarka ka sami kocin, ka ce: "Koci, zan ɗan dakata zuwa bayan jarrabawa, ga rigar nan a ba wani ya riƙe."