Sherlock Holmes a tsohuwar talabijin: wanda aka goge da wanda ya tsira

Assalamu alaikum. Malamaina da 'yan'uwana ɗalibai, sannunku da zuwa.

Duk wanda ya karanta Arthur Conan Doyle ya san Sherlock Holmes, mai binciken nan da kan gane mai laifi daga tokar taba. Yau kan tsofaffin shirye-shiryensa na talabijin zan tsaya, waɗanda ba a cika jin labarinsu ba.

A 1951 BBC ta yi kashi 6, Alan Wheatley ya fito a matsayin Holmes. Kai tsaye aka watsa, ba a naɗa ba, yau babu ko ɗaya. A 1968 Peter Cushing ya yi kashi 16, amma 6 kaɗai suka rage. Ina sauran? Faifan bidiyo yana da tsada a lokacin, sai a goge tsohon shiri a ɗora sabo a kansa. Wallahi wannan abu yana ci mini rai, gumin mutane ya tafi saboda tsimin faifai.

Wanda aka ɗauka a kan fim ya fi tsawon rai. Na 1954, wanda Ba'amurke Sheldon Reynolds ya shirya a Faransa da Ronald Howard a matsayin Holmes, kashi 39 ne, kuma suna nan.

Amma wanda ya fi kwanta mini a rai na Tarayyar Sobiyet ne, daga 1979 zuwa 1986. Kamfanin Lenfilm ya yi shi, Igor Maslennikov ya ba da umarni. Ba su je Landan ba, wani titi a birnin Riga na Latbiya suka mayar titin Baker, inda gidan Holmes yake a labarin. Vasily Livanov ne Holmes, Vitaly Solomin kuma Dakta Watson. Ku lura da Watson ɗin nan. Finafinai da yawa sun mayar da shi dolo, shi kuwa Solomin ya fito da shi likita mai hankali, amini na gaskiya. Har Ingila ta yaba, ta ba Livanov lambar girma ta MBE a 2006.

Wani zai ce, abin da aka goge ai ya tafi ke nan. Ba lallai ba. A wancan zamani BBC takan sayar wa ƙasashen waje kwafin shirye-shiryenta a gwangwanayen fim. A 2013 aka sanar da gano kashi 9 na wani shirin BBC mai suna Doctor Who da suka ɓace, a ɗakin ajiyar wata tashar talabijin a Jos. Shi ba shirin bincike ba ne, amma hanyar ɗaya ce. Don Allah, duk mai ɗan'uwa a tsohuwar tasha, ya roƙe shi ya duba rubutun da ke jikin gwangwanayen nan kafin a zubar da su.