Sharhi: Kariyar wanda ake tuhuma daga caji ofis take farawa

Masu sauraro, idan aka kama mutum kan babban laifi, kamar kisan kai ko fashi da makami ko almundahanar kuɗi, 'yan uwa sukan jira sai an gurfanar da shi a Babbar Kotu kafin su nemi lauya. Sau da yawa a lokacin bakin alƙalami ya riga ya bushe, domin takardar da za ta ɗaure shi an rubuta ta tun kwanakin farko a caji ofis.

Takardar ita ce bayanin amsa laifi. Mutum ya yi magana da Hausa, jami'i ya rubuta da Turanci, sannan a miƙo masa tawada ya dangwala yatsa a kan abin da bai iya karantawa ba. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayyar Najeriya ta 2015 ta tanadi cewa a ɗauki irin wannan bayani a bidiyo, kuma a gaban lauyan mutum ko wani da ya zaɓa. Jihohi da dama sun yi tasu makamanciyarta, Kano ta yi a 2019. Don haka lauya mai kariya zai tambaya: ina bidiyon? Wa ke wurin? Wa ya yi tafinta? Idan ta bakin tafinta aka ɗauki bayanin kuma ba a kira shi ya ba da shaida ba, takardar ta zama ji-ta-ji-ta.

A nan ake yawan tuntuɓe. Wanda ya ce "ban yi wannan bayani ba" daban yake da wanda ya ce "na yi, amma duka aka yi mini". Na farkon, kotu za ta karɓi takardar, daga baya ta auna nauyinta. Na biyun kuwa, sashe na 29 na Dokar Shaida ta 2011 ya ɗora wa masu gabatar da ƙara nauyin tabbatar da cewa ba tilasta shi aka yi ba, kuma a kan dakatar da shari'ar a yi wata ƙarama a cikinta kan wannan batu kaɗai. Amma dole lauya ya miƙe ya ƙalubalanta a daidai lokacin da ake miƙa takardar. In ya yi shiru aka karɓe ta a matsayin hujja aka sa mata lamba, kukan da zai yi a Kotun Ɗaukaka Ƙara da wuya ya yi amfani. Shi ya sa tabon ankwa, da katin asibiti, da sunan wanda suka kwana ɗaki ɗaya a tsare, duk abin adanawa ne tun ranar.

Haka ma hujjar "ba na wurin". Tun a gaban mai bincike ake faɗarta, da sunan gari da unguwa, da sa'a, da mutanen da ake tare, domin 'yan sanda su je su bincika. Wanda ya ɓoye ta sai a akwatin shaida, alƙali zai ɗauke ta a matsayin dabarar da aka ƙulla daga baya.

Shari'ar da ta haɗa mutane biyar ko shida tana da nata tarkon. Iyalai kan haɗa kuɗi su ɗauki lauya ɗaya don sauƙi, alhali bayanin wannan yana nuna wancan da yatsa. A ganinmu wannan arha ce mai tsada. Doka ta ce amsa laifin mutum kansa kaɗai take ci, ba ta cin abokin tuhumarsa sai in ya amince da ita, kuma lauyan da ke riƙe da su duka ba zai iya matsa wannan hujja ba tare da ya cuci ɗaya ba.

A shari'ar kuɗi, hujjojin takardun banki ne da saƙonnin waya. Sashe na 84 na Dokar Shaida ya ce abin da aka ciro daga kwamfuta sai an nuna na'urar na aiki daidai, yawanci da takardar shaida. Lauya na da haƙƙin karɓar kundin hujjoji kafin a fara, ya bi shi shafi-shafi yana gwada kwanan wata da sa hannu. Idan masu ƙara suka rufe shaidunsu ba su haɗa wanda ake tuhuma da laifin ba, sai ya roƙi kotu ta sallame shi ba tare da ya kare kansa ba.

Wanda ba shi da hali, akwai Hukumar Ba da Tallafin Shari'a da aka kafa a 1976, kuma laifin da hukuncinsa kisa ne ba a sauraronsa sai da lauya, ko da kotu ce za ta naɗa. In hukunci ya faɗi, kwana 90 ake da su na ɗaukaka ƙara daga Babbar Kotu, daga Kotun Ɗaukaka Ƙara zuwa Kotun Ƙoli kuma kwana 30 ne kacal. Wanda ya makara sai ya fara neman izinin ƙarin lokaci, tare da rantsuwar da ke bayyana dalilin jinkirin.