Me Ya Fi Muhimmanci Wajen Koyon Baƙon Harshe?

Jama'a masu kallo, assalamu alaikum. Yaro yakan shafe shekara uku yana ɗaukar darasin Faransanci a ƙaramar sakandare a Najeriya, ya rubuta jarrabawa ya ci, amma idan aka sauke shi a Kwatano ba zai iya tambayar hanyar tashar mota ba. Da yawa daga cikinmu mukan ɗora laifin a kan rashin baiwa, ko raunin malami, ko mu ce ai harshe sai an tashi da shi tun ƙuruciya. Kowanne daga cikin waɗannan yana da nasa tasiri, sai dai abin da ya fi su nauyi shi ne yawan lokacin da mutum ya shafe yana cuɗanya da harshen, yana fahimtar abin da yake ji, kuma ba tare da dogon yankewa ba.

Bari mu fara da lissafi. Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka tana da cibiya da ke koya wa jami'an diflomasiyyarta harsuna, kuma ta fitar da ƙiyasin lokacin da mai jin Turanci yake buƙata kafin ya iya gudanar da aiki da sabon harshe. Faransanci da Sifaniyanci suna cin sa'a 600 zuwa 750 a aji. Hausa tana cikin rukunin da ke cin sa'a 1,100, yayin da Larabci da Sinanci da Japananci da harshen Koriya suke kaiwa sa'a 2,200, wato mako 88 cur. Waɗannan ɗaliban manyan mutane ne da aka zaɓo, ba su da wani aiki sai karatun, ajinsu ba shi da cunkoso, kuma bayan an tashi suna da aikin gida na sa'o'i. Yanzu a ɗauka yaronmu yana samun darasi biyu a mako, kowanne na minti 40, na tsawon mako 36 a shekara. Wannan sa'a 48 ke nan, a shekara uku kuma sa'a 144, waɗanda ko kashi ɗaya bisa huɗu na mafi ƙarancin ƙiyasin ba su kai ba. Zalunci ne a kira irin wannan yaro daƙiƙi, domin ba a ba shi lokacin da aikin yake nema ba.

Sai dai ba kowace sa'a ce take da albarka iri ɗaya ba. A farkon shekarun 1980, masanin harshe Ba'amurke Stephen Krashen ya yi bayanin cewa harshe yana shiga mutum ne ta hanyar sauraro da karanta abin da yake fahimta, wanda ya ɗan ɗara matakin da yake kai. Masana sun yi ta muhawara a kan wasu sassan ra'ayinsa, amma tushen maganar ya tsaya. Wanda ya kunna rediyon Sinanci daga safe zuwa dare alhali bai san kalma ko ɗaya ba, hayaniya kawai yake ji. Paul Nation, masani daga New Zealand wanda ya shahara a binciken kalmomi, ya nuna cewa mai karatu yana buƙatar sanin kusan kashi 98 cikin ɗari na kalmomin da ke shafi kafin ya fahimce shi ba tare da taimako ba, wato baƙuwar kalma ɗaya a cikin hamsin. Saboda haka babu abin kunya idan magidanci ya fara da littafin yara, ko da labaran duniya cikin sauƙaƙan Faransanci irin waɗanda gidan rediyon RFI ke gabatarwa domin masu koyo.

Sauraro kaɗai ma bai wadatar ba, kuma ƙasar Kanada ce ta ba da hujja a kan haka. Tun daga 1965 aka fara koya wa 'ya'yan masu jin Turanci dukkan darussan makaranta da Faransanci a lardin Kebek. Bayan shekaru, masaniyar harshe Merrill Swain ta lura cewa yaran suna fahimtar harshen sosai, amma idan suka zo magana ko rubutu sai kurakuran nahawu su bayyana, domin ba kasafai ake tilasta musu su harhaɗa zance da kansu ba. Ta yi bayanin cewa sai mutum ya yi yunƙurin faɗin wani abu ya kasa, sannan yake gano giɓin da ke cikin iliminsa.

Wannan al'amari ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Muna da almajirai masu ƙwazo waɗanda suka karanta littafin nahawun Larabci na Ajurumiyya a zaure, wasu har suka haddace Alfiyyar Ibn Malik, suna iya yi wa dogon baiti i'irabi ba tare da tuntuɓe ba, amma idan suka sauka a Jidda sai hira da direban mota ta gagare su. Iliminsu na gaskiya ne, kuma ya cika manufar da aka neme shi dominta, wato fahimtar littattafai. Abin da ya rage shi ne harshensu bai saba furta zance ba, kunnensu kuma bai saba da Larabcin titi ba, wanda ya sha bamban da na littafi. Fahimtar wannan ce ta sa aka kafa Ƙauyen Koyon Faransanci a Badagry a 1991, da kuma Ƙauyen Koyon Larabci a Ngala ta jihar Borno, domin ɗaliban jami'a su zauna a inda harshen zai zama abin yin gaisuwa da ciniki da neman abinci.

Game da yankewa kuwa, tun 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa yawancin abin da aka haddace yana zubewa ne da wuri idan ba a maimaita ba, kuma maimaici da aka rarraba cikin kwanaki ya fi wanda aka tara a zama ɗaya. Minti talatin kullum ya fi sa'a uku da rabi a ranar Asabar kaɗai, duk da cewa jimillarsu ɗaya ce.

Saura batun shekaru, wanda shi ne ya fi karya wa manya gwiwa. Gaskiya ne wanda ya fara tun yana ƙarami ya fi samun lafazi irin na masu harshen. Wani babban bincike da aka wallafa a 2018, wanda ya ƙunshi mutane kusan 670,000, ya nuna cewa ƙarfin koyon nahawu yana nan daram har wajen shekara 17, sannan ya fara raguwa. Raguwa ce, ba ƙarewa ba. Abin da ya fi cutar da babba shi ne kunyar yin kuskure a gaban mutane, domin ita ce take sa ya yi shiru, shirun kuma ya cinye sa'o'in da ya kamata ya tara. Shi ya sa ɗan kasuwar Kantin Kwari da ke zuwa birnin Guangzhou na ƙasar Sin sarin kaya yakan riga mai koyo don sha'awa buɗe baki: yana da buƙata ta gaske, kuma idan bai yi magana ba kuɗinsa ne za su tafi.

Wanda ya ware sa'a ɗaya kullum zai tara sa'a 365 a shekara. Bisa ƙiyasin da muka ambata, Faransanci zai ɗauke shi kimanin shekara biyu, Sinanci kuwa kimanin shida, idan burinsa shi ne ya yi aikin ofis da harshen. Gaisuwa da ciniki da tambayar hanya suna samuwa tun kafin nan da nisa, muddin an raba sa'ar tsakanin sauraron abin da ake fahimta, da karatu, da magana da wani mutum wanda zai amsa kuma ya gyara.